Gashin Tsanwaka a Tashar Baba Garba

Har yau ban manta da ranar da Baba Garba ya fara shigowa shagonmu na Gwandu ba. Tsakiyar damina ce, ina zaune ina tace bidiyon wani biki da muka ɗauko a Maruda, sai ga wani dattijo siriri ya yi sallama, riƙe da gwangwanin madara. Ya ce daga Kalgo yake, ya zo sunan jikarsa ne, a can ya ga mutanenmu da kyamara ya bi sawunsu.

"Wane ne mai sa abu cikin waya duniya ta gani?" ya tambaya.

Na ce, "Baba, ga ni. Me za a sa?"

Ya buɗe gwangwanin ya zazzage a kan teburina. Na yi baya da kujera, don na ɗauka ƙwari ne matattu: ga fara, ga shinge, ga wani kamar mazari. Sai da na ɗauki ɗaya na ji tsinin ƙugiya a yatsa, sannan na gane gashin tsuntsu ne da zare aka ɗaura wa ƙugiyar fatsa har ta koma siffar ƙwaro. Ya yi dariya har yana dafa ƙofa.

"In kai da ka da boko ka ruɗe, ina ga kihi?"

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, bari in gaya muku yadda shagon yake a lokacin. Malam Shehu ne mai shago, muna ce masa Oga. Shi ke karɓar aiki, kuma babu abin da ke fita da sunan shagon sai ya gani ya amince. Akwai mai kyamara da ke zuwa bukukuwa da walimomi. Ni ne mai tacewa, wato wanda ake kawo wa ɗanyen abin da aka ɗauka, in yanke, in jera, in gyara sauti, in mayar da yini guda ya koma abin da mutum zai kalla yana shan shayi. A matsayi ni ne ƙarami, amma ni kaɗai ke da sha'awar buɗe tasha a intanet, don haka da Oga ya ga ƙwarin nan ya ce in gwada, da sharaɗin kada aikin biki ya kwana saboda su.

Baba Garba gadon ɗinkin manyan riguna ya yi, daga baya ya yi tuƙi a wani aikin noman rani. A can ya ga wani injiniya baƙo yana kama kifi da irin waɗannan ƙwarin ƙarya, ya tsaya ya lura, ya ga ashe ɗinki ne kawai aka sauya masa wuri. Da ya bar tuƙi sai ya mayar da abin sana'ar jin daɗinsa. Kayan aikinsa ba su da yawa. Filayar makanike ce ya ɗaure a jikin katako da roba, ita ke riƙe masa ƙugiya. Sai ragowar zaren siliki, da almakashin aski, da jan farce da yake ɗiga wa ƙullin ƙarshe don kada ya warware. Idan don tsage zai ɗaura, wato kifin nan mai haƙora kamar zarto, sai ya warware wayar birkin babur ya ciro siririn ƙarfe ya haɗa, saboda tsage na datse zare. Gashi kuwa na zabi ne da agwagi da wuyan zakara. Duk zakarun gidansa wuyansu a fige yake, matarsa Inna Hauwa kullum tana mita, wai an mayar mata da kaji kamar ungulaye.

Farkon aikin ya ba ni wuya. Ɗaukar biki daban, ɗaukar yatsu daban. Sai da na koyi shimfiɗa farin ƙyalle a bayan ƙugiya don zaren ya fito, na koyi zaunar da shi a inuwar zaure inda haske ke shigowa ta gefe, na kuma liƙa masa ƙaramin makirufo a wuyan riga domin bakinsa ba ya hutawa. Yana ɗauri yana ba da labari, yana tsokanar kifi kamar abokin wasansa. Nakan hau babur in je Kalgo mu yi ɗauri a gida, mu gangara fadama ya gwada a ruwa, in dawo in tace, in nuna wa Oga, in saka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ba mu taɓa sauya ranar ba, don a wannan aiki mai kallo yana son ya san lokacin da zai same ka.

Watannin farko 'yan uwa da abokai ne kawai ke kallo. Da na fara sa fassara a ƙasan hoto sai baƙi daga ƙasashen waje suka fara leƙowa, suna mamakin gashin zabo da wayar birki. Daga baya masunta suka gano mu, daga Yawuri da Argungu har cikin Nijar, suna aiko da tambayoyi. Abin da Baba ya fi so a duniya shi ne in zauna in karanta masa sharhin masu kallo. Idan aka yabe shi sai ya gyara hula ya ce, "Sake karanta wanga." Idan aka kushe sai ya ce, "Wuce, wanga bai taɓa ganin gulbi ba." Ya taɓa ce mini akwai ire-iren ɗauri da yawa a kansa da bai nuna ba, ciki har da wani na ƙaramin kwaɗo da yake ji da shi, ya ce sai tasha ta girma zai fito da shi.

A kakar shekara ta biyu, bayan ruwa ya fara ja baya, muna gangarawa fadama sai ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya ya tsinci gashi shuɗi mai sheƙi. Na tsanwaka ne, tsuntsuwar nan mai launin shuɗi da ke zama a kan wayar lantarki tana faɗa wa fara a gona. Kyamara tana kunne. Ya ɗaga gashin ya ce, "Ku gani, tsintuwa ce, ita ta yar da kayanta. Ba a kashe tsanwaka, abokiyar manomi ce." Nan bakin ruwa ya zauna ya ɗaura shi. Jifan farko, wallahi ko gyara tsayuwa ban gama ba, ruwa ya fashe. Wani ƙaton tsage ya yi tsalle sama da ƙugiya a baki, rana na haska shi. Baba yana ihu, ina ihu, hoton yana rawa. A duk shekaruna na aiki ban sake ɗaukar abu mai kyau kamar wannan ba.

Na tace shi yadda yake, da maganar tsintuwa da komai. Oga ya kalla ya ce, "Wannan shi ne." Haka kuwa aka yi. Cikin ɗan lokaci masu bin tasharmu suka ninka, waya ba ta hutawa, har a tashar mota ana nuna Baba ana cewa ga mai ƙwaron ƙarya. Shagon ma ya amfana, don masu biki sun fara cewa mu suke so.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma nake so ku sani tun yanzu, shi ne bidiyo idan ya yi farin jini ba ya yawo da cikarsa. Mutane suna sauke shi, su gutsuro inda ya fi burge su, su tura wa juna. Guntun da ya bazu a wayoyi ya fara ne daga gashi shuɗi a kan ƙugiya, ya ƙare a tsallen kifi. Maganar tsintuwa babu ita. Wani ma ya ɗora muryarsa a kai yana cewa wannan sirri ne na masunta na dā, gashin tsanwaka yana kiran kifi daga ƙasan ruwa. Na fara ganin alama a sharhi, ana tambayar inda ake sayen gashin. Na riƙa amsawa cewa launi ne kawai, kowane gashi aka rina zai yi. Ina amsa ɗaya, wasu suna shigowa.

Wata safiya muna bakin ruwa mun shirya ɗauka, sai ga wani mutum ya nufo mu da buhu a kafaɗa. Baba ya san shi, sunansa Ɗan Ige, mai kamun tsuntsaye ne daga wajen Dangoma, magidanci mai iyali. Ya durƙusa ya gaida Baba da fara'a, ya ce ya kawo masa tsaraba, tunda shi ne uban sana'ar. Ya juye buhun a kan ciyawa.

Tsanwaka ne, tuli guda. Wasu an riga an fige musu fukafukai da jela, wasu da sauran ɗumi a jikinsu. Ban taɓa ganin shuɗi mai yawa haka a wuri ɗaya ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Baba ya dubi tulin. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ɗan Ige, mi ne ne wanga?"

"Baba, kasuwa ce ta buɗe. Daga Yawuri ake aikowa, har daga Gaya ta Nijar. Ba ni kaɗai ba ne, mu da yawa ne. Fara ake ɗaurewa a tarko, su da kansu suke faɗowa."

"Ba ka ji na ce ba a kashe ta ba?"

Ɗan Ige ya dube ni, ya dubi Baba, ya ciro wayarsa ya kunna mana guntun. Muka tsaya muka kalla har ƙarshe. Ya ce, "Ni wannan na gani. Ina kunka ce?" Ba rashin kunya yake yi ba, da gaske tambaya yake. Ya ƙara da cewa, "Bana gero bai yi ba, Baba. In ban kama ba wani ya kama."

Baba bai yi masa faɗa ba. Ya ce ya kwashe kayansa. Mu ma muka kwashe namu, ranar ba a yi ɗauka ba.

Na koma Gwandu na faɗa wa Oga cewa Baba yana so a sauke bidiyon. Da farko ya ƙi. Ya ce, "Nasiru, shi ne ginshiƙin tashar. Kuma mu me muka yi? Ba ga maganar tsintuwa nan a ciki ba?" Gaskiya ya faɗa. Sai na nuna masa hoton tulin da na ɗauka da wayata. Malam Shehu ɗan manomi ne, ya san aikin tsanwaka a gonar gero. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Sauke shi." Na sauke. Bai rage komai ba, don namu ne kawai ya sauka, guntun yana cikin wayoyin da ba mu san iyakarsu ba.

Muka zauna mu uku, ni da Oga da Baba, muka yi shawara, muka ga mafita ɗaya ce: a nuna wa mutane da idonsu cewa ba tsuntsuwar ba ce. Inna Hauwa da kanta ta fige farar kaza, ta rina gashin da shuɗin wanki, ya fito kusan ba ka bambancewa. Baba ya ɗaura shi a gaban kyamara, ya yi bayani mai kyau, muka gangara wurin da aka kama tsagen nan. Wannan karon har Oga ya biyo mu.

Kifi ya ƙi ci. Tun hantsi Baba ke jifa har rana ta take, babu ko motsi. Muka koma wani mashigi, haka. Muka dawo a wani makon, ruwa ya ƙara ja baya, ya yi sanyi, tsage sun bi gulbi sun yi ƙasa. Duk mai kamun kifi ya san haka take faruwa, amma mu a lokacin kowace rana da ta wuce tsuntsaye ne ke mutuwa.

A nan ne Oga ya kawo shawarar da har yanzu nake juyawa a raina. Wasu masunta na kusa da mu sun jawo taru, akwai tsage mai rai a cikin kwalekwalensu. Oga ya ja mu gefe ya ce, "Baba, mu karɓi wancan, a maƙala masa ƙugiya, a sake shi a ruwa, ka jawo. Nasiru ya san yadda zai yanke, ba wanda zai gane. Ba don kanmu za mu yi ba, don tsuntsayen ne."

Ni kuwa a zuciyata na riga na fara tsara inda zan tsaya da kyamara. Abu ne mai sauƙi a wurin mai tacewa.

Baba ya naɗe zarensa a hankali. Ya ce, "Malam Shehu, na gode, na san alheri kake nuhi. Amma ni kihi nake yaudara, ba mutane ba. Duk wanda ya kalle ni ya yarda da ni ne don abin da ya gani shi ya faru. In na yi wanga sau ɗaya, ko ba wanda ya sani, ni na sani."

Oga ya ce, "To tsuntsayen fa?"

Baba ya tattara kayan fatsarsa ya kama hanyar gida.

Daga ƙarshe wata 'yar ƙaramar karfasa ce ta kama gashin kazar, ba ta kai tafin hannu ba. Ita muka saka, tare da roƙon Baba cewa a bar tsanwaka. Kaɗan ne suka kalla, domin roƙo ba ya yawo kamar tsallen kifi. Cikin waɗanda suka kalla ɗin ma, da yawa cewa suka yi, "Kun gani ko? Da gashin kaza ga abin da ya samu. Ashe dai sirrin gaskiya ne." Bidiyon da muka yi don kashe wutar sai ya zama ya ƙara mata iska. Wannan karon da na je Kalgo bai ce in karanta masa sharhi ba, ni ma ban ciro wayar ba.

Mun je wurin mai gari, ya yi magana, liman ma ya ambata bayan sallah, wasu sun daina. Amma abin da ya kashe kasuwar a gaskiya shi ne waɗanda suka saya sun jefa sun ga kifi bai zo da gudu ba. Kafin damina ta zagayo an daina tambayar gashin. Sai dai a wannan rani, duk tsawon hanyar da nake bi a babur, wayoyin lantarkin da dā ba ka rasa tsanwaka a kansu sun zama wayam. Manoma sun lura. Wani ya faɗa wa Baba magana mai zafi a kasuwa, a gaban mutane, ya ce shi ya jawo.

Bayan wannan ya kwance filayar daga jikin katako. Ya ce mini, "Ɗana, a dakata tukuna." Na ce tasha za ta mutu idan aka bar ta ba sabon abu, haka tsarin yake, wanda ya yi shiru ana mantawa da shi. Ya ce ya sani. Na koma sau da yawa ina lallashi, in kawo masa saƙonnin masu tambayar lafiyarsa, ya saurara, ya yi godiya, ya sa a kawo mini fura, ya kama wata hira. Oga ya mayar da ni kan bukukuwa, daga baya na zama mai kula da shagon, rayuwa ta ci gaba. Tashar tana nan har yanzu, ba mu rufe ba, amma ba ta motsi.

Bara da rani wayata ta yi ƙara, na ga Baba ne. Muryarsa da fara'a kamar dā. Ya ce tsuntsayen sun fara dawowa, ya gansu a hanyar gona, ransa ya yi sanyi. Ya ce, "Taho da na'urarka, mu yi na kwaɗon nan kahin in tahi da shi kabari."

Na bar aikin biki a hannun yara na tafi. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na liƙa masa makirufo, ya zauna ya ɗaure ƙugiya a filaya. Ya ɗauki zare zai fara naɗi, sai na ga ta cikin kyamara hannun yana karkarwa. Zaren ya kuɓuce. Ya sake kamawa, ya zagaya, ya tsinke. Ya goge ido da bakin riga, ya matso da fuska kusa, ya sake gwadawa. Inna Hauwa tana tsaye daga ƙofar cikin gida, da ta ga haka sai ta juya ta shige. Ashe ta sani, ta daɗe tana ganin yadda cokali ke rawa a hannunsa, ba ta dai so ta hana shi ba.

Ya ajiye zaren ya yi 'yar dariya.

"Mun makara, Nasiru. Kashe abinka."

Na ce, "Baba, ko da baki ne ka bayyana, wani ya ɗaura."

Ya gwada. Ya fara bayani ya tsaya, ya ce abin ba a baki yake ba, a yatsu yake, su kuma sun ƙi. Na kashe kyamarar. Muka zauna a zauren muka ci gyaɗa, ya ba ni labarin zamanin tuƙinsa har la'asar.

Mutane sukan tambaye ni ko da mun bi shawarar Oga da abin ya zo da sauƙi. Wataƙila. Wataƙila da tsuntsaye da yawa sun tsira, da Baba bai daina ba, da yanzu ɗaurin kwaɗo yana cikin tasha kowa na koya. Wataƙila kuma da an gano mu, komai ya lalace. Ban sani ba, kuma na daina cewa na sani. Abin da na sani shi ne a duk labarin nan ban ga mugu ba. Ɗan Ige yunwa yake gudu, Oga gyara yake nema, wanda ya gutsure bidiyon ma ƙila burge shi kawai ya yi, Baba kuwa mutuncinsa ya riƙe. Duk da haka ga abin da ya faru.

Shi ya sa kuke ganin ina ɓata muku lokaci kafin a saki aiki. Ba kyan hoto nake dubawa ba, wannan kun iya. Ina neman wurin da ya fi daɗi ne a ciki, in rufe gabansa da bayansa, in tambayi kaina abin da zai faɗa wa mutumin da shi kaɗai zai gani, a ƙauyen da ban taɓa zuwa ba. Idan gargaɗi yana da muhimmanci, a cikin wannan wurin ake sa shi, a rubuce a jikin hoton, inda almakashi ba zai raba su ba. Kuma idan kuka samu dattijo mai abu a hannunsa ya ce muku sai gaba zai nuna, ku roƙe shi ya nuna yau, ko da ba za a saka ba, a ɗauka a ajiye. Tasha tana iya jira, masu kallo suna iya dawowa. Hannun mutum ne ba ya jiran kowa.